Wuƙar Aljihu: Kayan Aikin da Ya Koma Abin Tuhuma

Da hantsi ne, a tashar mota, ana lodin wata bas mai zuwa ƙauyukan gabas. Wata dattijuwa ta ce sai an sauko mata da ƙullinta daga saman mota, maganinta na ciki. Yaron mota ya hau ya tarar igiyar ta ci ƙulli, ya ja ya ja ta ƙi. Direba ya waiwayo ya ce, "Jama'a, wa ke da wuƙa?"

Tsit. Maza sun fi goma a wurin, kowa ya kau da kai. Yaron ya sa haƙori. Wani ya ce a aika a sayo reza.

Can wani tsoho da ke zaune kan benci ya dubi dama ya dubi hagu, sannan ya zura hannu a aljihun gaban rigarsa ya zaro wata 'yar wuƙa mai ninkewa, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ya sa farce ya buɗe ta, ya juya ƙotar ya miƙa. Shafa ɗaya igiya ta rabu biyu. Wani saurayi ya ce, "Baba, da wuƙa kake yawo?" Tsohon ya goge ta a gefen zanen buhu, ya rufe, ya ce, "Ta aiki ce, ɗana."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waiwayen da ya yi kafin ya fito da ita. Mutum mai furfura, mai riƙe da carbi, yana tsoron a gan shi da abin da ubansa da kakansa suka riƙe a fili ba tare da kowa ya ɗaga ido ba.

Lokacin da kowa ke da tasa

A gidanmu kakana ne mai wuƙar aljihu. Ƙotar itace gare ta, ta yi baƙi wuluk saboda gumin hannu. Da ita yake fere mangwaro, da ita yake rarraba mana rake gaɓa-gaɓa, da ita yake gyara tsinin turken akuya. Idan goro ya yi masa tauri, da ita yake yanyanka shi ƙanana. In kaza ta kusa mushe, kafin a gama neman wuƙar ɗakin girki ya riga ya yi bisimilla.

Malaminmu na makarantar allo shi ma yana da tasa. Na sha zama ina kallonsa yana fiƙe alƙalamin kara: ya saɓa gefe guda, ya saɓa ɗayan, ya tsaga bakin kaɗan don ya riƙe tawada, ya gwada a bayan allo. Ba ya gaggawa. Almajirin da aka yarda ya taɓa wannan wuƙa ya san ya fara zama gardi.

Wuƙa ba baƙuwa ba ce a jikin namiji a wannan ƙasa. Buzaye da Fulani makiyaya suna ɗaura wuƙar damtse, mahauci na da tasa a ƙugu cikin kube, dukawa na da ta yankan fata, maƙeran gari kuwa su ke ƙera duka. Kube shi ne mutuncin wuƙa, don haka ake ƙawata shi da jar fata da zane. Mai ninkewa ta zo da wata dabara daban: ƙotarta ita ce kubenta. Wanzami ya riga kowa sanin daɗin wannan, domin askarsa ta zamani haka take, ruwa ya kwanta cikin mariƙi a jefa a zabira.

Daga ina ta fito?

Dabarar ta tsufa ƙwarai. An tono wata wuƙa mai ninkewa mai ƙotar ƙashi a Hallstatt ta ƙasar Ostiriya, wadda masana ke kiyasta ta kai shekara 2,500. Rumawa ma sun yi amfani da irinta. Amma sai da garuruwan maƙera na Turai suka koma aiki da inji, irin su Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus da Thiers a Faransa, sannan ta yi arahar da talaka zai saya.

A 1884 wani maƙeri mai suna Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a ƙauyen Ibach na ƙasar Suwizalan. A 1891 ya fara kai wa sojojin ƙasarsa wuƙar da ke da mabuɗin gwangwani da abin kwance noti a jiki ɗaya, saboda soja ya buɗe abincinsa ya kuma kwance bindigarsa. Daga nan aka samu jar wuƙar nan mai farin tambari ta kamfanin Victorinox, wadda jabunta ya cika kasuwanninmu. A Faransa kuma Joseph Opinel ya fito da tasa a 1890 a yankin Savoie, ƙotar itace da ruwa ɗaya, wuƙar manoma da makiyaya. A 1955 aka ƙara mata wani zobe a wuya wanda ake murzawa ya tokare ruwan.

Wasu wuƙaƙe biyu na Turai labarinsu ya ratso Afirka kai tsaye. Okapi, mai zobe a baya, an fara ƙera ta a Solingen a 1902 don a kai kasuwannin ƙasashen da Jamus ke mulka a Afirka, kuma a wancan zamani Kamaru da Togo na cikinsu. A 1988 ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu. Ɗayar ita ce Douk-Douk, wadda gidan Cognet na Thiers ya fito da ita a 1929. Falle ce ta ƙarfe da aka ninke, siririya kamar takarda. An yi ta ne don tsibiran tekun Pasifik, ba ta karɓu a can ba, sai ta sami kasuwa a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka. Da yake hoton wani dodo ne a jikin ƙotarta, sai aka fitar da wani samfuri mai suna El Baraka, aka zana masa alamar nan ta Agadas da maƙeran azurfa na Abzin suka shahara da ita.

Abin lura, duka biyun sun yi baƙin suna a wasu wurare. Okapi ta zama wuƙar 'yan iskan gari a unguwannin Afirka ta Kudu da Jamaika, Douk-Douk kuma ta shiga yaƙin neman 'yancin Aljeriya. Araha da sauƙin ɓoyewa, waɗanda suka sa manomi ya so ta, su ne suka sa mai mugun nufi ya so ta. Wannan tsaka mai wuyar ta daɗe tana biye da wuƙar aljihu.

Yadda aka juya mata baya

A duniya, ranar 11 ga Satumbar 2001 ce ta sauya komai. Waɗanda suka ƙwace jiragen sama a Amurka da ƙananan wuƙaƙe suka yi aikin, ba da bindiga ba. Nan take aka hana shiga jirgi da duk wani abu mai kaifi a jakar hannu. Victorinox, wanda shagunan filayen jirgi ke cikin manyan kasuwanninsa, ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na cinikin wuƙaƙensa. Abokin gasarsa Wenger ya durƙushe har Victorinox ya saye shi a 2005. A 2024 Victorinox ya ce yana aikin fito da samfurin da ba shi da ruwan wuƙa ko ɗaya, almakashi da sauran ƙananan kayan aiki kawai. Duk alhajin da ya manta 'yar wuƙarsa ko almakashin gyaran gashin baki a jakar hannu ya san ƙarshen zancen, a kan teburin bincike ake barin su.

Mu a nan namu dalilin ya fi kusa da ƙofar gida. Daba a Kano, sara-suka a Bauchi, Kalare a Gombe, kauraye a Katsina: sunaye daban, ciwo ɗaya. Sannan ƙwacen waya ya zo ya ƙara zafi. Yaro ya tare mutum a lungu da magariba, ko cikin adaidaita sahu, kafin ka ce kwabo ya soke shi a kan wayar da kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. Akwai gidajen da har yau ba su daina kukan ɗan da suka rasa ta wannan hanya ba. A 2023 majalisar tsaron jihar Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami.

Wanda ya taɓa raka gawar da aka soka ba zai so jin ana yabon wuƙa ba, kuma yana da gaskiyarsa. Ba na rubuta wannan don in rage nauyin abin da ya same shi. Sai dai idan aka dubi abin da ake bajewa gaban 'yan jarida bayan kame, adduna ne da barandami da ɗanbida da dogayen wuƙaƙen da aka ƙera don sara da suka. 'Yar wuƙar fere lemo ba ita ce ta rikita gari ba, amma da ita aka haɗa a tsoron.

Ina iyakar take?

Wasu ƙasashe sun ja layi a fili. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya ɗauki wuƙa mai ninkewa ba tare da an tambaye shi dalili ba, muddin bakinta bai wuce inci 3 ba, wato kimanin santimita 7 da rabi, kuma ba mai kulle kanta ba ce idan an buɗe. Abin da ya wuce haka sai da hujja, kamar sana'a ko addini, in ba haka ba ɗaurin zai iya kai shekara 4. A Jamus an hana yawo da wuƙar da ake buɗewa da hannu ɗaya ta kulle, da kuma tsayayyar wuƙa da ta wuce santimita 12. Bayan harin wuƙa da ya kashe mutum 3 a wani biki a Solingen cikin Agustan 2024, garin da ya yi suna da ƙera wuƙaƙe, an ƙara tsaurara dokar a wuraren bukukuwa da taron jama'a. Amurka ta taƙaita cinikin wuƙa mai maɓalli, wadda ke fitowa da kanta, tun 1958.

A Nijeriya dokar zaɓe ta haramta zuwa gangamin siyasa da makami, kuma wannan daidai ne. Amma tambayi mutum goma a kasuwa wane tsawon wuƙa ne za su iya sakawa a aljihu ba tare da fargaba ba, za ka ji amsa goma. A aikace, abin ya dogara ne da wanda ya tare ka, da kamanninka, da ƙarfe nawa ne. Dattijo mai babbar riga zai wuce. Saurayi mai gyaran takalmi ko ɗan aikin wayar lantarki da ya taso daga aiki da daddare, da kayan sana'arsa a aljihu, yana iya kwana a inda bai shirya ba.

Jami'an tsaro na da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. A cikin duhu, a kan shinge, ba su da hanyar karanta zuciyar mutum, kuma kowane ɗan daba da aka kama cewa yake ta aiki ce. Masu sana'a kuma suna cewa ba za su bar kayan cin abincinsu a gida ba saboda laifin wasu. Ni ganina, duka ɓangarorin biyu za su huta idan aka fitar da ƙa'ida guda da kowa zai iya aunawa da yatsa, aka kuma yi ta shela a rediyo da Hausa: ga tsawon da aka yarda, ga irin da aka hana, ga wuraren da ba a shiga da ita ko wace iri ce.

Masu cewa don kare kai ne

Akwai rukuni na uku, kuma su ne suka fi damuna. Samari ne na kirki, 'yan makaranta da 'yan kasuwa, waɗanda aka taɓa yi wa ƙwace ko aka yi wa abokinsu, suka rantse ba za a sake ba. Sun sayi wuƙa mai baƙin ruwa da tsini, irin wadda ake talla a Facebook da TikTok, suna yawo da ita. In ka yi magana su ce, "Ai gara a same ka da shiri."

Na fahimci zafin. Amma shirin nan yaudarar kai ne. Mai ƙwace ya riga ya zare tasa kafin ka san yana wurin, kuma da wuya ya zo shi kaɗai. Kai kuwa taka tana ninke a ƙasan aljihu, ƙarƙashin makullai. Idan ka yi nasarar fito da ita, ƙwacen waya ya koma faɗan rai. Ko a karɓe ta a soke ka da ita, ko kai ka soki wani a wurin da jini ba ya tsayawa, ka wayi gari kana amsa tuhumar kisan kai. Jijiyar cinya ko ta wuya in ta yanke, mintuna kaɗan ne.

Mafi muni, wuƙar da aka ɗauka don ɓarawo ba ta jiran ɓarawo. Tana nan a aljihu ranar da aka yi musu a gidan kallon ƙwallo, tana nan ranar da aka yi cacar baki a kan budurwa ko canjin naira ɗari. Faɗan da zai ƙare da mari da shiga tsakani sai ya ƙare a makabarta. Tsohon tasha bai taɓa tunanin mutum ba idan ya taɓa aljihunsa, igiya da rake yake tunani. Wanda ya ɗauki wuƙa da sunan mutum a ransa ya riga ya ɗauki wani abu daban, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Hadisai ingantattu sun hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa, sun umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya kama tsininsu kada ya ji wa wani, sun kuma umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabba. Ba a hana ƙarfe ba, an koyar da yadda ake riƙe shi cikin mutane.

Reza da haƙori

Da wuƙar ta bar aljihu, aikin bai bar mutane ba. Har yanzu akwai igiya, akwai kwali mai salatif, akwai zaren da ya zazzago a bakin wando. Sai aka koma reza da haƙori.

Reza kuwa ta fi wuƙa cin yatsa. Ba ta da mariƙi, baki biyu gare ta, tana karyewa, kuma in an gama a ƙasa ake yar da ita inda yara ke wasa babu takalmi. Ga kuma aron ta da ake yi, wannan ya yanke farce ya miƙa wa wancan, alhali ciwon hanta nau'in B yana bin jinin da ido ba ya gani, kuma ƙwayar cutar na iya rayuwa kwana 7 a jikin ƙarfe. Haƙoran da ake ɓalle leda da wayar lantarki da su kuma ba sa tsirowa sau uku.

Zaɓenta da riƙonta

Ga mai bukatarta don aiki, manomi ko direba ko mai ɗaurin kaya, ƙarama ta isa. Ruwa mai tsawon ɗan yatsa zai yi kusan duk abin da rana za ta kawo. A guji mai baƙin fenti da zanen ƙoƙon kai da baki kamar zarto, an yi ta ne don ta ba da tsoro, kuma tsoron shi zai jawo wa mai ita magana.

Ƙarfe iri biyu ne. Baƙin ƙarfe yana saurin ɗaukar kaifi a kan kowane dutse, amma yana tsatsa, in ka yanka lemo ba ka goge ba kafin gobe ya yi tabo. Farin da ba ya tsatsa, wanda aka gauraya da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100, ya fi haƙuri da damina da gumi, sai dai mai araha daga cikinsa yakan dakushe da wuri. Kafin ka biya, buɗe ta ka girgiza ruwan hagu da dama. In yana rawa a wuya, ajiye ta, wata rana a kan yatsunka za ta rufe.

Wadda ba ta da makulli, wani siririn ƙarfe ne a gadon bayanta ke danne ruwan. Don haka ba a soka da ita, ba a ɓanɓare murfin gwangwani da ita, ba a mai da tsininta abin kwance noti. Yanka kawai, kuma bakin na kallon waje, ba cinya ko tafin hannu ba. Dakusasshiya ta fi mai kaifi haɗari, don sai an danna da ƙarfi, in ta zame kuwa ba ta da birki. Dutsen wasawa da ɗan ruwa, a kwantar da ruwan kaɗan, a ja daidai-wa-daida kowane gefe, sannan a goga a bayan tsohuwar fata. Ɗigon man gyaɗa a wuya ya ishe ta, tunda abinci za ta taɓa.

Sauran kuma tarbiyya ce, irin wadda ba a rubuta ba amma kowa ya sani a da. Ba a miƙa ta da tsini gaba. Ba a wasa da ita a hannu ana hira. Ba a barin ta buɗe a kan tabarma. Ba a zuwa da ita makaranta, ko kotu, ko gidan biki, ko filin ƙwallo. Ranar da rai ya ɓaci kuwa, a gida take kwana.

Wuƙar kakana tana wurina yanzu. Shekaru na wasawa sun cinye ruwanta, ya sirance ya yi ciki kamar jinjirin wata, tambarin maƙerinta ma ya goge. Ba na shiga gari da ita. Amma ranar Asabar in za mu gona nakan jefa ta a aljihu. Makon jiya ɗana mai shekara 11 ya ce in ba shi ya fere rake da kansa. Na zaunar da shi a gindin mangwaro, na nuna masa inda babban yatsa ke zama da inda bakin ke kallo. Gaɓar farko ya cinye rabin raken da ɓawon, ta biyu ta fi kyau. Da ya gama ya goge ruwan a ganye, ya janye yatsunsa daga bakin ƙotar, ya sa tafin hannu ya rufe ta a hankali har ta ce ƙas, sannan ya juyo da ita ya miƙo mini.